Likita ta ce in riƙa turo mata sakamakon suga ta waya, surukata ta ce ba ta yarda ba

Maman Hanan: Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema. Cikina ya shiga sati 27. An yi min gwajin nan da ake shan ruwan suga, aka ce ina da sugan masu juna biyu. Likitar da ke duba ni ta ce in sayi na'urar gwaji, in riƙa gwadawa sau 4 a rana ina rubutawa, in ɗauki hoton takardar in tura mata ta WhatsApp, ita kuma ta faɗa min abin da zan gyara. Wai ba sai ina zuwa duk sati ba. Maigida ya yi na'am, don kuɗin mota ya ishe shi. Surukata kuwa ta ce wasa da rai ne, tun yaushe aka fara duba mai ciki ta waya? Akwai wadda ta taɓa yin haka a cikinku?

Hajiya Babba: Wa'alaikumus salam. 'Yata, ki bi maganar surukarki. Waya ba ta taɓa ciki, ba ta jin bugun zuciyar yaro. Likitocin yanzu gudun aiki kawai suke yi. Allah Ya raba lafiya.

Sista Ungozoma: Hajiya, rabin maganarki gaskiya ce, amma bari mu raba abu biyu. Awo daban, bibiyar suga daban. A wurin awo ne ake gwada hawan jini, a duba fitsari, a auna tsayin ciki, a ji kwanciyar yaro, a yi hoton ciki a ga girmansa da yawan ruwan da yake ciki. Wannan ba mai yin sa ta waya. Tun 2016 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa, mai suga kuwa takan fi haka. Amma suga lambobi ne. Ko kin zo gabana, takardar nan dai zan karɓa in karanta. To mene ne amfanin ki hau adaidaita da tsohon ciki, ki wuni a layi, don kawai in kalli takarda na minti biyar? Maman Hanan, ki tambaye ta ƙarara: ranakun awona suna nan? Idan ta ce suna nan, babu laifi a tsarin.

Maman Hanan: Ta ce suna nan Sista, har ta rubuta min ranar hoto. Zuwan da ke tsakani ne za a rage.

Hajiya Babba: To da sauƙi. Amma mu da muka haifi goma ba mu san wani suga ba.

Likita Abu Nabila: Hajiyarmu, da girman kujerarki, sugan yana nan tun da, gwajin ne babu. Kowa ya san labarin wance da ta haifi ƙaton yaro ta sha wuya, ko wadda yaro ya mutu a ciki ana saura kwanaki, aka ce iska ce. Wasu daga cikinsu suga ne. Abin da ke faruwa shi ne, mabiyiya tana fitar da sinadaran da ke hana insulin ɗin jikin uwa, wato sinadarin da ke sauke suga, aiki sosai, kuma abin yana ƙaruwa ne yadda ciki ke tsufa. Shi ya sa ake gwajin tsakanin sati 24 zuwa 28. Sugan uwa yana ratsawa zuwa ga yaro, yaro ya yi ta tara ƙiba, ya wuce kilo 4, kafaɗa ta maƙale a wurin haihuwa, ko a ƙare da tiyata. Bayan an yanke cibiya kuma sugan jaririn yana iya faɗuwa.

Dalilin da ya sa wayar ke da amfani ke nan: lambar da ta yi kyau a sati 28 tana iya lalacewa a sati 31 ba tare da mace ta canza ko loma ɗaya a abincinta ba. Idan sai bayan wata guda zan ga takardar, yaron na iya shan makonni yana cikin suga mai yawa.

Maman Twins (Birmingham): Ni an yi min haka a nan Ingila. Manhajar sunanta GDm-Health, a Oxford aka ƙirƙiro ta. Na'urar gwajin ce ke tura lambar kai tsaye zuwa waya, ni kuma in rubuta abin da na ci. Ungozomomin sashen suga suna gani a kwamfutarsu, idan lambobi suka hau a jere sai saƙo ya shigo ko su kira. Daga 2020 da korona ta zo ne abin ya bazu sosai. Gaskiya na ji daɗinsa, ga tagwaye a ciki ga sanyi.

Ummu Sudais: Anti ai ku kuna Turai. Mu nan ranar da aka samu wuta babu sabis, ranar da sabis ya zo data ta ƙare. Tun da aka ƙara kuɗin kira da data a farkon 2025 sai mutum ya yi lissafi kafin ya buɗe hoto.

Maman Twins (Birmingham): Haka ne ƙanwata, ban ce ɗaya ba ne. Amma abin da ya yi aiki a wurina ba kyan manhajar ba ne, sanin cewa akwai mutum a can da aikinsa ke nan ya duba.

Likita Abu Nabila: Maman Twins ta taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Ita waccan manhajar an gwada ta a Oxford a kan mata kusan 200, aka wallafa sakamakon a 2018. Sugan waɗanda suka yi amfani da waya bai fi na masu rubutu a takarda sauka ba, kusan kunnen doki aka yi. Bambancin shi ne masu wayar sun fi yawan gwaji kuma sun fi gamsuwa da kulawar. Wato waya ba magani ba ce, hanya ce.

Kuma zan faɗi abin da abokan aikina ba sa so a faɗa. A can tsari ne na asibiti, akwai wanda aka ɗora wa aikin, akwai wanda zai karɓe shi idan ya tafi hutu. A nan galibi kirkin likita ɗaya ne da lambarsa ta gida. Ranar da ya kwana a ɗakin tiyata, saƙonki yana ƙarƙashin saƙo ɗari. Ranar da aka sace wayarsa, tarihinki ya tafi. Abin da ya faɗa miki kuma bai shiga fayil ɗinki ba, ranar naƙuda wanda ke bakin aiki bai san an ƙara miki allurar insulin ba. Don haka ni ina goyon baya, amma da sharaɗi. Ki tambaye ta wace rana za ki riƙa turawa, cikin awa nawa za ki ji amsa, kuma wa za ki nema idan shiru ya yi yawa. Duk canjin da ta yi miki ta waya, ki kwafe shi da biro a littafinki da kwanan wata, ki riƙa zuwa awo da littafin.

Uwargidan Malam: Likita wace lamba ce mai kyau? Ƙanwata ma tana da shi, kullum sai ta kira ni, ni kuma ban sani ba.

Likita Abu Nabila: Abin da aka fi bi: da safe kafin a ci komai ƙasa da 95. Awa 1 bayan abinci ƙasa da 140. Idan awa 2 ake gwadawa, ƙasa da 120. Wannan a na'urar da ke ba da manyan lambobi ke nan. Idan tata irin mai ba da 5.3 ko 7.8 ce, a ninka da 18 a samu waccan. Amma ta bi abin da likitanta ya rubuta mata.

Hadiza ta Maraɗi: Ku yi hankali da wannan batu na lamba. Mu nan Nijar takardar gidan likita da giram a lita take zuwa, sai ki ga 0,92 ko 1,40. Wata 'yar uwarmu ta tura ma wani ɗan uwa da ke aikin asibiti a Najeriya 1,40, ya kira hankali tashe wai ta sha suga maza sugan ta ya faɗi ƙasa. Alhali 140 ne. Shi ya ɗauka irin awonku ne.

Sista Ungozoma: Subhanallahi. Kun ga irin ta. Shi ya sa nake ce wa matana kar su rubuto min lamba tsirara. A ɗauki hoton fuskar na'urar, a rubuta lokaci, a rubuta abin da aka ci. "160" kawai ba ta gaya min komai. "160, awa 1 bayan koko da suga da ƙosai biyar" ta gaya min komai.

Akwai kuma wata matsala da sai wanda ke cikin aikin ya sani. Mata suna gyara lamba. Tsoron allura ke sa mace ta ga 170 ta rubuta 130. Takarda ta yi kyau tsaf, a zo hoto a ga yaro ya yi girman da bai dace da satinsa ba, ruwa ya yi yawa. Idan tana gabana nakan karɓi na'urar in duba abin da ta adana. Ta waya kuwa sai abin da aka nuna min. Don Allah 'yan uwa, ba jarrabawa ba ce, ba mai ba ki maki.

Ummu Sudais: Sista ai tsoron yana da dalili. An ce wadda ta fara allurar insulin ta fara ke nan har mutuwa, kuma tana taɓa yaro.

Likita Abu Nabila: Duka biyun ba haka ba ne. Insulin ba ya ratsa mabiyiya ya kai ga yaro, shi ya sa ma aka fi natsuwa da shi a ciki. Ƙwayar metformin ita tana ratsawa, duk da haka ana amfani da ita a ƙasashe da yawa idan likita ya ga dacewa. Mai sugan juna biyu kuma galibi ana tsayar mata da allura da zarar ta haihu. Mata da yawa ma ba sa kaiwa ga magani, gyaran abinci da ɗan tattaki bayan cin abinci ya wadatar.

Amma fara allura ba ta waya ake yi ba. Sai an zauna da ke an nuna miki yadda ake ja, inda ake yi, da alamun faɗuwar suga: rawar jiki, zufa, bugun zuciya, jiri. Idan ya sauka ƙasa da 70, a sha suga cokalin shayi uku a ruwa ko rabin kofin lemon kwalba, a sake gwadawa bayan minti 15. Ƙari ko ragi daga baya, wannan kam ana iya yi ta waya.

Mai Kemis: Ku bar ni in yi maganar aljihu, don kowa ya tsallake ta. Gwaji 4 a rana, daga sati 28 zuwa 40, tsinken gwaji 336 ke nan. Gwangwani mai 50 kusan guda 7. Maigidan Maman Hanan yana murnar kuɗin mota, bai lissafa wannan ba. Na sha ganin mace ta sayi na'ura da zumuɗi, gwangwanin farko ya ƙare, shi ke nan an ajiye ta a kan durowa. Kafin ki sayi na'ura, ki fara tambayar tsinkenta: ana samunsa a unguwarku, nawa ne? Wata na'urar kyauta ce 'yan uwa suka kawo daga Saudiyya, tsinkenta babu shi a duk kasuwar. Kuma a duba ranar lalacewa, a riƙa rufe gwangwanin da sauri, kar a bar shi a mota ko kusa da murhu, zafi da laima suna ɓata shi.

Maman Hanan: Innalillahi, 336? Malam ka sa na yi sanyi.

Sista Ungozoma: Kar ki yi sanyi. Ko da zuwa kike yi duk sati, tsinken nan sai kin saya, ba wayar ce ta kawo shi ba. Abin yi shi ne ki gaya wa likitarki gaskiyar ƙarfinku. Idan sati biyun farko lambobi sun zauna kuma ba kya kan magani, tana iya rage miki yawan gwajin. Ita za ta rage, ba ke ba. Kuma ki wanke hannu ki busar kafin ki huda. Wadda ta taɓa dabino ko mangwaro ta gwada ba ta wanke ba, lambar ƙarya za ta gani.

Maman Twins (Birmingham): Masu nau'in suga na ɗaya, wanda jiki ba ya yin insulin, a nan ba sa ma yawan huda yatsa, wani ɗan faifai ake manna musu a jiki yana karanta suga dare da rana, asibiti na gani daga nesa. Irin su FreeStyle Libre, kwana 14 yake yi a canza.

Likita Abu Nabila: Eh, wani babban bincike da ya fito a 2017 ya nuna jariran masu nau'i na ɗaya da suka sa irin wannan na'ura sun fi tsira daga ƙiba fiye da kima da faɗuwar suga da kwanciya a sashen jarirai. Ana samunsa a manyan garuruwanmu amma da tsada, kuma mai sugan juna biyu da lambobinta ke zaune ba dole ba ne a gare ta.

Tunda an ambaci wannan, ku bambance. Wadda ta shigo ciki da ciwon suga tun asali, nata ya fi nauyi. Ita tun kafin ciki ya kamata a daidaita sugan, a ba ta folik asid mai ƙarfi na miligiram 5, a canza mata wasu magunguna irin su lisinopril na hawan jini da magungunan rage kitse, a duba idonta da ƙodarta. Irin wannan gwara ta yi awo a babban asibiti, irin Malam Aminu Kano ko na Shika ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, waya ta zama ƙari kawai. Gwajin nan na matsakaicin suga na wata uku ma ba a dogara da shi ga mai sikila ko mai ƙarancin jini sosai, kuma kun san yawansu a wajenmu.

Hajiya Babba: To ku da kuke ta allura allura, ina zogale da shuwaka? Ga acca. Wata a unguwarmu da su ta warke.

Sista Ungozoma: Hajiya a ci zogale a kwaɗo, a sha miyar shuwaka, abinci ne mai kyau. Jiƙe-jiƙe da garin magani na masu talla a mota ne ba na so ga mai ciki, ba a san abin da ke ciki ba. Acca kuma hatsi ce, idan aka cika kwano da ita suga zai hau. A nan ma na'urar ke raba gardama: ta ci ta gwada. Wata tuwon dawa malmala ɗaya da miya mai yawa ba ya ɗaga mata, tuwon shinkafa kuwa ya harba. Abin da ya fi kayar da matanmu na sha ne: kunu da suga, shayi mai kauri da biredi, fura da aka zuba wa suga, zoɓo, lemon kwalba. Kuma kar a ce za a zauna da yunwa don lamba ta yi kyau, yaro na buƙatar abinci. A rarraba shi kaɗan-kaɗan, a haɗa da wake, ƙwai, kifi, gyaɗa, ganye.

Masu shan sha-ka-fashe don ƙiba kuma ku ji tsoron Allah ku gaya wa likita, yana ɗaga suga sosai.

Hadiza ta Maraɗi: Wadda aka sa wa allura kuma ba firij fa? Zafin Maraɗi kun san shi.

Mai Kemis: Insulin ɗin da ba a buɗe ba firij yake so, amma ba wajen ƙanƙara ba, idan ya daskare ya lalace. Wanda aka buɗe yana yin kimanin sati 4 a wuri mai sanyi-sanyi. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF da Jami'ar Geneva sun gwada irin zafin wani sansanin 'yan gudun hijira a Kenya, mai hawa da sauka tsakanin 25 da 37, suka ga insulin ya riƙe ƙarfinsa na sati 4. Ga kuma dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya samu kyautar Rolex a 2000. A sa kwalbar a leda ko roba mai murfi don kar ruwa ya taɓa ta, a ajiye a inuwa.

Uwargidan Malam: Ni damuwata sirri ne. Mata da yawa wayar miji suke amfani da ita, ko ta ɗan kishiya. Wasu asibitocin kuma sai su tara masu ciki a zaure ɗaya na WhatsApp kowa na ganin sakamakon kowa. Gobe ki ji a gidan biki ana cewa wance suga gare ta.

Likita Abu Nabila: Wannan kuskure ne. Zaure na darasi ne da tunatarwa, sakamako kuwa tsakaninki da mai duba ki. Najeriya na da dokar kare bayanan mutane tun 2023, bayanin lafiya na cikin waɗanda ta fi tsanantawa a kai. Kuma ku guji "likitocin" Facebook da TikTok da ba ku taɓa gani ba, masu cewa a tura kuɗi su turo magani. Wanda zai bi ki ta waya ya zama wanda ya taɓa duba ki ido da ido, kin san asibitin da yake.

Abu na ƙarshe daga gare ni, don ana kira na. Akwai abubuwan da ba a rubuta saƙo a kansu a zauna jiran amsa: yaro ya rage motsi, jini ko ruwa ya zubo, ciwon kai mai tsanani, gani ya dushe, fuska da hannu sun kumbura, amai ya ƙi tsayawa, zazzaɓi, ko suga ya haura 200 ya ƙi sauka. Mai suga ta fi kusa da hawan jinin da ke kai wa ga jijjiga. A ɗauki mayafi a tafi asibiti, ko ƙarfe biyun dare ne, a kira a hanya.

Ummu Sudais: Likita kafin ka tafi, azumi fa?

Sista Ungozoma: Ya fita, bari in amsa. Mai ciki da ciwon suga tana cikin waɗanda likitoci ke ba shawarar kar su yi azumi, musamman mai allura. Shari'a kuma ta yi wa mai ciki rangwame idan ta ji wa kanta ko ɗanta tsoro. Yadda za ta rama, ta tambayi malamai. Gwajin yatsa dai wasu na gudunsa da rana, su ma su tambaya, kar su daina gwaji a kan zato.

Maman Hanan, ki sa a ranki tun yanzu cewa bayan haihuwa akwai sauran gwaji, tsakanin sati 6 zuwa 12, sannan lokaci-lokaci bayan nan, domin wadda ta yi sugan ciki ta fi saurin kamuwa da ciwon suga nau'i na biyu daga baya. Nan ne muke rasa mata. An yi suna, an tafi wankan gida, ba a sake ganinsu sai da wani cikin. Ki roƙi likitarki ta turo miki saƙon tuni, ke ma ki sa ƙararrawa a wayarki.

Hajiya Babba: Wato har kunun kanwar jego za ku ce a gwada a tura muku hoto?

Sista Ungozoma: Hajiya kunun kanwa ai ba suga kaɗai ba ne matsalarsa, kanwar ma da ruwan zafin akwai magana a kansu game da zuciya da hawan jini.

Hajiya Babba: A'a, nan kuma ba za mu shirya ba.

Shugabar Zaure: Hajiya da Sista, ku buɗe wa wankan jego nasa zaren daban, na san zai yi tsawo. Mai Kemis, mutum uku sun tambaye ni ta ciki yadda ake zubar da alluran da aka yi amfani da su a gida mai yara, ka amsa musu a nan.

Mai Kemis: A samu roba mai kauri mai murfi, irin ta man gyaɗa ko ta sabulun ruwa, a riƙa jefawa ciki, a ɗora ta inda hannun yaro ba ya kaiwa. Kafin ta cika a rufe a naɗe da salatif, a kai asibiti ranar awo su ƙona tare da nasu. Kar a zuba a bola, yara masu tsince-tsince suna bin ta ba takalmi.